Rumbu a gidan wani: lakwal ɗinmu da girgijen intanet

 Yau maganar lakwal za mu yi, amma ta wata ƙofa da ba mu saba shiga ba.

Duk wanda ke zama inda ake tattauna harkar ilimi a ƴan shekarun nan, ko a Yamai ko a tarukan ƙara wa juna sani na Maradi da Damagaram, ya ji kalmar nan "girgije". Masana kwamfuta ne suka kawo ta, kuma yadda suke faɗinta sai ka ɗauka wani abu ne da ke shawagi a sama, babu mai shi, babu inda yake zaune. An ce mana girgije zai kai littafi inda babu littafi, ya kai mushe inda babu mushe, har yaron Tanut ya yi karatu daidai da yaron Faris. To mu dai mutanen Sahel mun san girgije, mun kuma san ba kowane hadari ke zubar da ruwa ba. Shi ya sa muke so mu duba wannan da kyau kafin mu fito da iri.

Da farko, babu komai a sama. Abin da ake kira girgije gine-gine ne a ƙasa, manyan ɗakuna cike da kwamfutoci a jere kamar buhuna a mangaza, da injinan sanyi, da kuran dare da rana. Kamfani ne ke da su. Kai kuma daga nesa kake aika kayanka ta intanet a ajiye maka, ko ka ari ƙarfin injinansu su yi maka aiki. Kuma mun daɗe muna amfani da shi ba mu san sunansa ba. Ranar da aka sace maka salula, ka sayi wata, ka shiga Facebook ka tarar da hotunanka suna nan, ko lambobin mutane suka dawo ta Gmail, ai daga can suka dawo. Mafi yawan waɗannan gine-gine suna Amurka da Turai da Asiya. A nahiyarmu, Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a 2020, Google kuma a 2024, shi ma a Afirka ta Kudu. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ke da irin wannan cibiya a Nijar.

Saboda haka in za mu raɗa masa suna da Hausa, mu sai mu ce rumbu ne a gidan wani. Ajiya a gidan wani kuwa ba laifi ba ce. Mun san rumbun tsimi, mun san amfaninsa ranar da na gida ya ƙare ko ya ci wuta. Amma babu manomin da zai loda hatsinsa a amalanke ya kai wani gari ba tare da ya san abin da zai zuba ba, da halin hanyar, da wanda makulli zai zauna a hannunsa.

Mu ra'ayinmu shi ne lakwal ɗinmu na da buƙatar wannan rumbu, kuma buƙatar ta gaggawa ce. Sai dai abin da ya kamata a fara zubawa ciki ba shi ne abin da ake yi mana talla ba. Takardu ne.

Ku shiga ofishin daraktan kowace lakwal ta ƙauye, in ma tana da ofis. Tarihin karatun yara ɗari uku ko ɗari huɗu yana cikin rajista guda da wasu kwalaye: sunan yaro, shekarar da ya shiga, makin da ya samu, ajin da ya maimaita, kwafin takardar haihuwarsa. Abokan gabar wannan kwali kuwa suna da yawa. Gara na nan, ɓera na nan, ga gobara, ga ruwa. Daminar 2024 ba ta yi nisa da za mu manta ba. Ruwan da aka yi ya sa gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa sun rushe, wasu kuma mutanen da ruwa ya kora ne ke kwana a ciki. A Damagaram har tsohon masallacin Birni ya faɗi a watan Satumba. In ginin da ya ga sarakuna da yawa bai tsaya ba, ina ga kwalin da ke ƙasan teburin darakta? Aji in ya faɗi ana sake gina shi, ko da rumfa ce. Rajista in ta jiƙe ta narke, shekara shida na karatun yaro sun tafi, sai abin da mushe ya tuna da ka.

Ga kuma yaran da ba sa zaune wuri guda. Ɗaruruwan lakwal sun rufe a jahar Tilaberi saboda rashin tsaro. Difa ta shafe shekaru tana ɗauke da ƴan gudun hijira. A jahar Maradi, wajen Gidan Rumji da Madarumfa, akwai iyalan da ƴan bindiga suka tayar daga ƙauyukansu. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman bultan ɗin ɗiyarsa. A ce yarinya ta kai aji biyar a ƙauyensu, sun sauka a wani gari, uban ya kai ta lakwal. Daraktan ba mugu ba ne, amma ba shi da wata shaida a gabansa. Sai ya gwada ta, yarinyar da ta yi wata takwas ba ta riƙe alli ba, ga tsoro bai sake ta ba, ya mayar da ita aji uku. Ta zauna cikin ƙananan yara, ta fi kowa tsawo, ana yi mata dariya. Wata nawa kuke jin za ta yi kafin ta ce ta gaji? Kuma in ta zauna gida mun san maganar da ke biyo baya. Da sunanta da makinta suna ajiye inda daraktan nan zai iya dubawa da salularsa, da maganar ta ƙare cikin minti biyar. Haka ɗan makiyayi da ke bin iyayensa arewa da damina, haka ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki a tsakiyar shekara.

Manya ma ba su tsira ba. Mutum ya ci BEPC ko bak shekara goma da suka wuce, takardar ta ɓata ko ta ƙone, ga gasar ɗaukar aiki ta taso. Sai a fara zarya daga wannan ofis zuwa wancan, wani lokaci har Yamai. Daga Damagaram kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga "dawo gobe". A ɗaya gefen kuma ga masu takardun jabu, waɗanda ke cin moriyar cewa babu hanya mai sauƙi da mai ɗaukar aiki zai bi ya tabbatar. Rajista guda ta ƙasa, wadda ake iya tambaya daga ko'ina, za ta sauƙaƙa wa mai gaskiya ta kuma toshe wa mai ƙarya.

Abin da ya sa muka nace a kan wannan shi ne arhar sa. Ba ya buƙatar a raba wa kowane yaro kwamfuta. Ba ya buƙatar rezo a cikin aji. Salula guda mai ɗaukar hoto ta isa lakwal guda, kuma ko sau uku a shekara aka yi, bayan kowane zangon karatu, ya wadatar. Darakta na iya ɗaukar hoton shafukan a ƙauye, ranar kasuwa in ya shigo gari ya tura. Ko asusun kyauta na Google yana ba da giga 15, wanda zai ɗauki dubban shafuka. Ba muna cewa can ya kamata takardun ƴaƴanmu su ƙare ba, za mu zo kan wannan. Muna nuna girman aikin ne kawai, don kada a ce mana sai an jira wani babban shiri na biliyoyin sefa.

Bayan takardu, sai malamai. Mafi yawan masu koyarwa a ƙananan lakwal ɗinmu ƴan kwantaragi ne, da yawansu matasa. Ana tura saurayi ko budurwa ƙauye mai nisa, wani lokaci babu littafin jagorar malami, yara kuma da dama ne ke taruwa a kan littafi guda. Me suke yi? Sun riga gwamnati gano hanya: gungun WhatsApp. A can ake tura shirin darasi, da tambayoyin jarrabawar bara, da amsoshinsu. Abin a yaba ne. Amma duk wanda ke cikin irin wannan gungu ya san halinsa. Takarda mai amfani tana nutsewa tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna. Salula ta cika, a goge. Wani ya turo amsar lissafi da kuskure a ciki, babu wanda ya duba, ta zaga jaha uku, a koya wa yara haka nan.

Wurin ajiya guda da aka tsara aji-aji, fanni-fanni, wanda masu ba malamai shawara da sufetoci suka duba suka amince, shi ne aikin da girgije ya fi iyawa. Mushe ya sauke abin da yake buƙata sau ɗaya, ya koma ƙauye ya yi wata yana aiki da shi. In an gyara kuskure, an gyara wa kowa. Kuma akwai wata dukiya da ke salwanta a gabanmu kowace shekara ba mu lura ba: kayen tsoffin malamai. Mutum ya yi shekara talatin yana koya wa yara karatu, ya gano dabarar da ke sa ɗan Bahaushe ya bambance sautukan Faransanci da babu su a harshensa, ya gano misalin da ke sa kasafi ya shiga kan yaro da goro ko da ƙwaryar hatsi. Ya yi ritaya, kayen ya shiga akwati, wata rana jikoki su yage shi a ƙunsa ƙosai. Da za a bi waɗannan dattawa a ɗauki hoton kayensu, a kuma naɗi muryarsu suna bayani, da sabon mushen da ke zaune shi kaɗai a wani ƙauyen Dakwaro ya samu wanda zai tambaya.

A jami'o'i kuwa abin ya fi fitowa fili. Muna da Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maradi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa, ga na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu, a ɗaure, a ɗora a kanta, ƙura ta rufe. Ɗalibin Tawa da ke bincike kan albasar Galmi ba shi da hanya mai sauƙi ta sanin abin da wani ya riga ya rubuta a Yamai, sai ya sake aikin daga tushe. Kuɗin fotokopi kuma ɗalibai sun fi mu sanin zafinsa. Manhajar Moodle, wadda jami'o'in duniya ke zuba darussa a kai tun 2002, kyauta ce, kuma jami'a na iya girka ta a kan injinanta.

To yanzu ga inda muka rabu da masu talla. Hoton da suka fi son nunawa shi ne yaro riƙe da allon kwamfuta, malami na magana daga wata ƙasa kai tsaye ta bidiyo. An riga an gwada mu a kan wannan. Lokacin korona, an rufe lakwal a ƙasar nan ranar 20 ga Maris 2020, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuni. A ƙasashen masu hali yara sun koma Zoom da Google Classroom. Mu a nan fa? Kowane uba ya tambayi kansa abin da ɗansa ya koya cikin waɗannan makonni. Wasu malamai masu kishi sun yi ta tura darasi ta WhatsApp, musamman ga masu shirin jarrabawa, Allah ya saka musu. Amma ɗan wanda ke da salula mai kyau da kuɗin forfe ne ya amfana. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, talla da kiwo da wasan ƙwallo suka koma. Darasin bidiyo na awa guda yana cin ɗaruruwan mega. A ninka da kwana biyar a mako, a ninka da yara biyar ko shida a gida guda, sannan a gaya wa magidancin da ke lissafin kuɗin tiyar hatsi cewa ga sabon abin saye.

Kuma ko an ba shi forfe kyauta, ina zai yi caji? Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a ƙasar nan, a ƙauye kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Azuzuwan kara da zana, hukumomi da kansu sun ambaci kimanin 36,000. A irin waɗannan azuzuwa ne yara kimanin 20 suka ƙone a Yamai a watan Afrilun 2021, sannan a Nuwamba na wannan shekara fiye da 20 suka ƙone a Maradi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Wanda ya ga wannan ba zai yarda a ɗauki kuɗin bulo da kwano a sayo alluna masu batir ba, waɗanda bayan shekara biyu rabi sun fashe, rabi suna kulle a kabad saboda darakta na tsoron a ce shi ya ɓatar.

Akwai kuma abin da ko kuɗi sun samu ba zai canza ba. Yaro ɗan shekara bakwai da ke koyon harafin farko yana buƙatar babba a kusa da shi, wanda zai kama hannunsa, ya ga inda ya karkace, ya san yau bai karya ba shi ya sa yake gyangyaɗi. Ko a makarantar allo haka abin yake: malam ne ke duba rubutu, ya saurari hadda, ya gyara. Girgije zai iya ƙarfafa hannun mushe. Duk shirin da aka kawo da nufin a rage malamai saboda akwai bidiyo, mu ba ma tare da shi.

Sai maganar hanya. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu kuwa mafi yawansa ta wayoyin ƙarƙashin teku yake zuwa, ya sauka a gaɓar ƙasashen maƙwabta sannan ya hauro mana. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin nan suka katse a wajen gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka shiga matsala, har da mu. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke kuran da take ba mu, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi, bai dawo ba sai Maris 2024. Mun ga yadda garuruwa suka koma rabon wuta unguwa-unguwa, mai gurup kaɗai ke da tabbas. Kafin nan, a Fabrairun 2021 bayan zaɓe, an rufe intanet na salula kusan kwana 10. Dalilan sun bambanta, amma ga lakwal da duk darasinta ke can nesa sakamakon ɗaya ne: rumbu na cike, hanya ta yanke. Starlink da ya fara aiki a hukumance a 2025 zai taimaka wa wuraren da Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms ba su kai ba, wannan gaskiya ne. Sai dai shi ma hanyar wani ce, ta kamfanin Amurka, kuma duk wata sai an biya.

Shi ya sa duk tsarin da za a kawo wa lakwal ɗinmu, tambayar farko da ya kamata a yi wa mai kawo shi ita ce: in babu rezo mako biyu, yana aiki? In ya fara kame-kame, a sallame shi. Uwargida ba ta zuwa rumbu duk lokacin da za ta ɗora tukunya, ɗebo na kwanaki take yi ta ajiye a ɗaki. Kuma akwai manhajojin da aka ƙera don haka. Kolibri na ba da damar a sauke darussa a ƙaramar na'ura guda, salulolin da ke kusa su ɗauka daga gare ta ba tare da intanet ba, in an samu rezo ta sabunta kanta. Kiwix na ɗauke da Wikipedia gaba ɗaya a katin ajiya. Faranti guda na hasken rana da batir sun isa su riƙe irin wannan na'ura. Rana kam Allah ya ba mu.

Maganar makulli ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa a taruka. Shekaru da dama Google na ba makarantu da jami'o'i wurin ajiya kyauta marar iyaka. Jami'o'i a duniya suka saki jiki suka zuba komai. A 2021 kamfanin ya sanar cewa wannan ya ƙare, daga 2022 akwai iyaka, wanda ya wuce ta ya rage kaya ko ya biya. Bai karya wata doka ba, rumbunsa ne. A watan Maris 2021 kuma gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu ajiya da ba su da kwafi a wani wuri suka rasa kayansu har abada. Ashe girgije ma yana cin wuta.

Mu kuma muna da namu darasin na kusa. A 2023 mun ga an rufe iyakoki, an riƙe kuɗin ƙasa a bankin yanki, an yanke wuta, duk cikin ƴan kwanaki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar lokacin, ya dace ya yi tambaya: da rajistar ɗaliban ƙasar nan gaba ɗaya da sakamakon bak suna hannun wani kamfani da ke ƙarƙashin dokar wata ƙasa, wa zai ba mu tabbacin ba za a wayi gari ƙofa a rufe ba? Sannan abin da za a zuba ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Sunayen yara ne, da hotunansu, da sunayen iyaye, da garin da suke, da wanda ke da lalura, da wanda ya faɗi jarrabawa. Muna da doka tun 2017 a kan kare bayanan mutane, muna da hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. Duk ƙungiya ko kamfanin da ya zo da manhaja kyauta yana son a shigar da sunayen ƴan lakwal, haƙƙin iyaye ne su ji ko hukumar nan ta san da shi, ina bayanan za su zauna, kuma in shirin ya ƙare bayan shekara uku kamar yadda shirye-shirye ke ƙarewa, wa zai gaje su.

Aikin shimfiɗa wayar intanet da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ya ƙunshi gina cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Wannan shi ne rumbun gida, kuma muna ganin takardun ƴan lakwal na cikin abubuwan farko da suka cancanci shiga. Amma kada murna ta sa mu manta da abin da ya faru a Strasbourg. Gini guda a Yamai, da zafin watan Afrilu, da ɗaukewar kuran, shi ma rumbu guda ne. Sai an samu kwafi a wani wuri, misali a jami'ar Maradi ko ta Damagaram, kowace ta riƙe wa ƴar'uwarta. Ko a ajiye kwafi na uku a waje ba abin kunya ba ne, muddin an kulle shi da makullin da ke hannunmu. Kuma sai an riƙe matasan da suka iya aikin da albashin da zai hana su tafiya, don injin da babu mai kula da shi tarkace ne mai tsada.

Ɓarawon rumbu ba daga waje kaɗai yake zuwa ba, wannan ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. In maki ya koma cikin kwamfuta, mai lambar sirri na iya mayar da 7 ta zama 17 ba tare da alamar gogewa ba. Maganinsa na cikin tsarin in an so: duk canjin da aka yi ya bar sawu, wa ya yi, yaushe, mene ne a wurin kafin nan, kuma wanda ke shigar da maki ba shi ne zai iya share sawun ba. Tsarin da ba shi da wannan, gara rajistar takarda, ita ko ba komai ana ganin inda aka kankare.

Wani abin kuma: me za mu zuba na kanmu? Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tun shekarun 1970 ake gwada koyarwa da harsunan gida a wasu lakwal ɗin ƙasar nan, an kuma wallafa littattafai da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, a INDRAP da wasu wurare. Da yawansu yau ko da kuɗinka ba za ka same su a kasuwa ba. Ɗaukar hotonsu a zuba inda kowane mushe zai samu aiki ne na watanni, ba na shekaru ba. In ba mu yi ba, rumbun zai cika da darussan da aka shirya wa yaran wata ƙasa, masu misali da dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa. Kuma tunda da yawa daga cikin iyayenmu da kunne suke karatu, kamar yadda wasunku ke sauraren wannan rubutu wani na karanta musu, a haɗa da murya. Uwa da ba ta shiga lakwal ba za ta iya jin saƙon minti biyu da Hausa da ke gaya mata abin da ɗiyarta ke koyo a wannan wata.

Kafin ma'aikatar ilimi ta kawo nata tsarin, wanda muke fata ta kawo, akwai abin da kwamitin kowace lakwal zai iya yi kafin damina mai zuwa. A zauna da darakta da wakilan iyaye a amince a ɗauki hoton rajista da bultan na kowane aji. A rubuta kuɗin forfe ɗin cikin kasafin kwamiti, kada a bar wa darakta ya ciro daga albashinsa, domin abin da aka bar wa aljihun mutum guda ba ya daɗewa. Kada a watsa takardun yara a gungun WhatsApp, a ajiye su a asusun da ke kulle, a kuma riƙe kwafi a katin ajiya a wani gida daban da lakwal. Rajistar takarda ta ci gaba da zama, ba a ce a jefar ba. Asusun kuma a buɗe shi da sunan lakwal, kada a yi da sunan darakta ko lambar salularsa ta kansa, kuma mutum biyu ko uku su san lambar sirri. Daraktoci ana yi musu canji, wasu su yi ritaya, wasu Allah ya yi musu rasuwa. Ranar miƙa aiki, a rubuta asusun cikin takardar miƙawa kusa da adadin tebura da makullin ofis, sabon darakta ya shiga a gaban shaidu ya ga komai na nan, sannan a canza lambar.